"Ya Fashe a Hanya": Wa Ke Biyan Ɓarnar Ƙaurar Ofis?

A farkon shekarar 2024, da labari ya ɓulla cewa Babban Bankin Najeriya zai kwashe wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN ita ma za ta mayar da hedikwatarta can, sai Arewa ta ɗauki zafi. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ta yi magana, sanatoci suka yi, gidajen rediyo suka cika da muhawara. Bankin ya kare kansa da cewa ginin hedikwatarsa an yi shi ne domin mutum 2,700, ga shi mutum fiye da 4,000 sun cunkushe a ciki. Masu suka suka ce fakewa ce da guzuma a harbi karsana. Ita kuwa FAAN, a 2020 ne ministan lokacin, Hadi Sirika, ya umarce ta da sauran hukumomin sufurin jiragen sama su tattara su koma Abuja. Shekara huɗu ba su cika ba wani ministan, Festus Keyamo, ya ce a juya akala.

An yi ta ja-in-ja a kan siyasar abin, kuma ya cancanci a yi. Sai dai akwai ɓangaren da ba ya shiga muhawara domin ba ya kawo ƙuri'a. Duk irin wannan umarni, ƙarshensa manyan motoci ne shaƙe da tebura da kabad da kwamfutoci da fayil-fayil, a kan titi mai tsawon kilomita fiye da 700, ta Lokoja, da ramukansa da ruwan damina. Kayan da suka bar ofis lafiya ba dukansu ke sauka lafiya ba. To idan sun sauka da ɓarna, wa ke biya? Ba waɗannan hukumomi nake tuhuma ba, da su dai na buɗe zance. Tambayar ta shafi ƙaramin ofishin lauya da ya tashi daga Bompai zuwa titin Gidan Zoo a Kano, ta shafi asibiti mai zaman kansa da mai gida ya ba shi notis, ta shafi ma'aikatar da sabon gwamna ya haɗe da wata ya ce su koma gini ɗaya kafin ƙarshen wata.

Mu kam ƙaurar ofis ba baƙuwarmu ba ce. A 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Da aka rushe Jihar Arewa a 1967 aka yi jihohi shida, sai da aka raba ma'aikata da motoci da takardu. Aka sake yi a 1987 da Katsina ta fita daga Kaduna, aka sake a 1991 da Jigawa da Kebbi da Yobe, aka sake a 1996 da Zamfara da Gombe da Nasarawa. Babbar ƙaura ita ce ta 12 ga Disamba, 1991, ranar da Janar Babangida ya mayar da fadar gwamnati Abuja, ma'aikatu suka yi ta biyo baya a hankali. Wani abin ban sha'awa, gadar ƙarfen da Gwamna Lugga ya kafa a Zungeru an kwance ta an kawo Kaduna, tana nan tsaye a lambun Gamji. Gada sukutum ta yi ƙaura ta tsira, amma firinta ba ta iya tsallaka unguwa biyu a hannunmu. Da duk wannan gogewa ta fiye da shekara ɗari, ya kamata a ce mun ƙware. Ba mu ƙware ba.

Tsaya a bakin ƙofar wani matsakaicin ofis ranar tashi ka gani. Asabar ce, domin kada a ɓata ranar aiki. Jami'in gudanarwa ya je tasha da safe ya ɗauko Daina ɗaya da a-kori-kura biyu, an yi ciniki da baki, an ba da kuɗin mai. 'Yan dako kuma a bakin titi aka yafuto su. Na'urar kwafi, wadda ta fi kowane abu tsada a ofishin, mutum huɗu suka ciccibo ta a kan matakala, a karkace, ba wanda ya cire kwalbar hodarta, hoda ta zube cikin injin. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki bai zo ba, sai wani yaro ya kwance bututu da sifana, iskar gas ta fice fuuu, kowa ya yi dariya. Teburan nan masu sheƙi na garin katako, da zarar an zare musu kusa ramin ya buɗe, ba za su sake riƙe ta ba. An kwantar da firji a gefensa, an ɗora batiran sola a kan buhunan fayil, ruwan batir yana ɗiga. Tamfol ɗaya ne, shi ma da huji, ga hadari ya haɗo daga gabas. Darakta bai zo ba. Ya bar sallahu cewa kujerarsa da talabijin ɗin ofishinsa a sa su a motarsa ta ofis, su kaɗai.

Ran Litinin ake jin sakamako. Na'urar kwafi tana fitar da takarda baƙi ƙirin. Kwamfutar akanta ta ƙi tashi. Gilashin teburin taro ya tsage gida biyu. Sai a kira direba a waya, ya ce, "Yallaɓai, ni tuƙi na yi, yaranku ne suka yi lodi." A nemi 'yan dako, ba wanda ya san sunan ko ɗaya. A kira masinja, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne." Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai a ce Allah Ya mayar da alheri a rufe zancen, ko a nemi wanda ya fi kowa rauni a ofishin a ɗora masa.

Ra'ayina a wannan batu ɗaya ne. Ɓarnar da ake gani ran Litinin ba ran Asabar aka yi ta ba. An yi ta ne tun ranar da wani mai iko ya zauna ya yanke cewa ba sai an ƙirga kaya ba, ba sai an rubuta yarjejeniya ba, ba sai an kira masu sana'ar kwance injuna ba, domin a rage kuɗi, ko domin kuɗin da aka ware ya sami wata hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka alhakin yana kan wanda ya zaɓi yadda za a yi tafiyar. Wanda abin ya suɓuce daga hannunsa shi ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa ba shi da laifin komai.

Rashin ƙirgar kaya shi ne uwar matsalar, kuma ba kullum ne mantuwa ke kawo shi ba. Idan babu takardar da ta nuna abin da ya bar tsohon ofis da halin da yake ciki, kaya iri uku ke cakuɗewa wuri ɗaya. Akwai wanda ya daɗe da mutuwa, yana jibge a lungu, yanzu ya sami wanda za a ɗora wa mutuwarsa. Akwai wanda da gaske a hanya ya lalace. Akwai kuma lafiyayye wanda bai taɓa hawa motar ba, ya bi ta ƙofar baya zuwa gidan wani, aka rubuta cewa ya fashe a hanya. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san janareton da ya "lalace" a ƙaura sannan aka ji ƙararsa a wani gida ranar biki. Shi ya sa wasu ba sa son lissafi. Direban da aka zalunta da ɓarawon da ya sha, duhu ɗaya ne ya rufe su.

Masu cewa tsautsayi ne a bar wa Allah, ya kamata su san cewa malaman fiƙihu ba su bar zancen haka a dunƙule ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a nan, wanda aka ɗauka aiki da lada amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka sa shi. Mukhtasar na Shehu Khalil har ya sauko kan ɗan dakon da ya yi tuntuɓe tulu ya fashe, da igiyar da ta tsinke kaya suka zube. Hukuncin shi ne babu biya a kansa, sai fa idan ya yi ganganci, kamar ya san igiyar ruɓaɓɓiya ce ya ɗaure da ita. Amma malaman sun ware mutum biyu. Masu sana'a irin tela da marini, waɗanda ke tafiya da kayan mutane wurin aikinsu, an ɗora musu lamuni. Haka masu dakon abinci, saboda abinci hannu na saurin kai masa. Dalilin a fili yake: maslahar jama'a. Ni a ganina kwamfutar tafi-da-gidanka a yau ta fi buhun gero saurin shiga hannu, amma wannan fatawa ta malamai ce. Abin lura dai, tun ƙarnoni da suka wuce an bambanta ƙaddara da sakaci, an kuma ce mai sakaci ya biya: abin da ke da irinsa a biya da irinsa, wanda ba shi da iri a biya ƙimarsa.

Dokar da kotunan boko ke bi ta fi tsanantawa ga mai ɗaukar kaya. Idan ka damƙa wa mutum kayanka lafiya, da lada, ya dawo maka da su a lalace, shi ne zai gamsar da alƙali cewa ba sakacinsa ba ne. Kuma kamfani ne ke ɗaukar laifin ma'aikatansa idan a bakin aiki suka yi ɓarnar. Sai dai wannan gata yana da sharaɗi, shi ne ka iya nuna cewa lafiya ka ba shi. Nan ne wanda bai ƙirga kaya ba yake faɗuwa tun kafin a fara shari'a. Haka kuma idan ma'aikatanka ne suka cusa kaya a kwali suka yi lodi, direban nan da ya ce shi tuƙi ya yi yana da hujja. Kamfanonin da suka iya aikin kan ƙi ɗaukar alhakin kwalin da ba su suka shirya shi ba, kuma gaskiyarsu ce.

Akwai kuma ɗan rubutun nan da ake maƙalawa a ƙasan rasit ko takardar kaya, da ƙananan baƙaƙe, cewa duk abin da ya sami kaya ruwan mai kaya ne. Mutane da yawa na ganinsa su saduda. Ba lallai ba ne. Kotuna na duba irin wannan sharaɗi da idon tuhuma, kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta a jawo hankalin abokin ciniki ga duk sharaɗin da ke rage alhakin mai aiki tun kafin a ƙulla ciniki, ta kuma hana mutum wanke kansa daga mummunan sakaci da rubutu. Duk da haka, gara ka karanta ka ce a soke shi kafin a ɗora kujera ta farko, da ka je kana jayayya a kansa bayan wata shida.

Gaskiyar da ta fi doka ɗaci ita ce, ko ka ci shari'a, me direban Daina yake da shi? Motar ma ta mai gida ce, shi balas yake kaiwa. Na'urar da ya lalata ta fi abin da zai samu a shekara. Nan ne inshora ya kamata ya shigo, nan ne kuma ruɗani ya fi yawa. Za ka ji direba na cewa motarsa na da inshora. E, tana da shi, amma wane iri? Inshoran dole da kowace mota ke yanka, wanda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 15,000 ga ƙananan motoci daga Janairun 2023, yana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani ne a waje, kamar ta daki motar wani ko katangarsa. Kayan da ke cikin bodinta ba ruwansa da su. Kayan ciki inshoransu daban ne, na kayan da ke kan hanya, kuma ana iya yankarsa don tafiya ɗaya tak. Haka inshoran gobara da sata da ofis ke da shi, yawanci a ɗaure yake da adireshin da aka rubuta. Ka tashi ba ka sanar ba, ka bar kariyarka a tsohon gini. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor da Jaiz da ke yin sa. Uzurin ya ragu.

Wani tarkon shi ne rage ƙimar kaya domin a biya kuɗin inshora kaɗan. A ce kaya na naira miliyan ashirin ne aka rubuta miliyan goma. Idan aka yi ɓarnar miliyan huɗu, kamfani zai ce rabin kayan ka yi wa inshora, don haka rabin ɓarnar zai biya, wato miliyan biyu. Wannan tarko ya ƙara zurfi tun tsakiyar 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 2024. Kusan duk injin ofis daga waje ake shigo da shi. Wanda ya ɗauko farashin da ke rubuce a littafin akanta na shekarun baya ya ba kamfanin inshora, ya yaudari kansa. A ɗaya ɓangaren kuma, mai kaya ya san cewa diyya mayar da mutum ce inda yake kafin ɓarna. Firintar da ta shekara bakwai tana aiki ba za a biya ka sabuwa fil a madadinta ba. Yawancin rigimar da ke ƙin mutuwa a nan take maƙalewa, kowa na ja, alhali da an rubuta ƙimar kowane babban abu tun farko an sa hannu, da zance ya ƙare cikin awa ɗaya.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Idan direba ya kuɓuce, inshora babu, sai a juyo kan ƙananan ma'aikata. A ba masinja takardar tuhuma, a ce za a riƙa cire kuɗin na'urar daga albashinsa. Mutumin da aka ɗauka don kai wasiƙa da share ofis, aka kira shi ran Asabar ba ladan ƙarin lokaci, aka sa shi dakon abin da ko masu sayar da shi sai da keken turawa suke motsa shi. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, shekara nawa zai yi yana biyan injin miliyoyi? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ta hana mai aiki cire tara daga albashin ma'aikaci. Ta yarda a cire abin da ya dace idan ma'aikacin ya jawo hasara da gangan ko da sakaci, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Leburori da akawuna, su dokar ta fi nufi. Masu kamfanoni nawa ne suka taɓa neman wannan izini? Abin da aka saba shi ne manaja ya faɗa, akanta ya cire, ma'aikaci ya haɗiye domin yana tsoron kora.

A gwamnati kuwa ba a rasa ƙa'ida ba. Dokokin kuɗi na gwamnatin tarayya sun tanadi yadda ake kai rahoton kayan da suka ɓace ko suka lalace, da kwamitin da zai duba su, da yadda ake cin jami'in da aka samu da sakaci tara. Sun kuma bayyana cewa babban sakatare ko shugaban hukuma shi ne mai amsa tambaya a kan dukiyar ma'aikatarsa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta faɗi yadda ake rabuwa da kayan da suka gama aiki, ba wai a jibge su a bayan sakatariya rana da ruwa su cinye, ko a yi gwanjonsu a ɓoye tsakanin abokai ba. Tun 2016 da aka koma sabon tsarin lissafin kuɗin gwamnati, kowace ma'aikata ya kamata ta riƙe rajistar kadarorinta. Amma rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya sun sha kokawa a kan hukumomin da ba su da wannan rajista. Hukumar da ba ta san abin da ta mallaka tana zaune ba, ina za ta san abin da ta rasa tana tafe?

Duk abin da na lissafa, kuɗi na iya mayar da shi. Takarda ce ba ta da madadi. Kujera in ta karye a kira kafinta. Fayil ɗin ma'aikacin da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, in ruwa ya jiƙa shi ko buhun ya faɗo a hanya, wa za a kira? Je ka wurin tantance 'yan fansho ka ga dattijo da tsohuwar jakar leda, yana lallaɓa takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe, duk sun yi ja sun tsattsage a wurin ninki, yana bi tebur-tebur domin an ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba. Waɗanda suka fara aiki a tsohuwar jiha suka ƙare a sabuwa sun fi kowa sanin wannan wahala. Shi bai ɗauki kaya ba, bai yi hayar mota ba, bai ma san ranar da aka tashi ba, amma shi ke biyan ɓarnar, da kuɗin mota da hawan jini. Haka mai filin da takardar mallakarsa ke ajiye a ofishin lauya, da majiyyacin da katinsa ke asibiti. Kayan amana ne, ba na ofishin ba. Kuma duk mun taɓa sayen ƙosai ko tsire a naɗe cikin takarda mai hatimin wata ma'aikata, da sunan mutum da matakin albashinsa a jiki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki irin wannan da nauyi. Idan bayanan mutane suka salwanta ta yadda za su iya cutuwa, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, an kafa shi don tsofaffin takardun da ofis ya gama da su, amma sai a gwammace a bar su a tsohon gini gara ta ci.

Shi ma tsohon ginin yana da mai shi. Bangon da aka huda don rataya na'ura, tayil ɗin da akwatin ƙarfe na kuɗi ya farfasa da aka ja shi, ƙofar da aka ɓalle don tebur ya wuce, duk ɓarnar ƙaura ce, kuma ɗan haya ne ke gyarawa. Tsufan fenti da abin da zama ya cinye, wannan na mai gida ne. A zaga tare da shi ko wakilinsa kafin a miƙa makulli, a rubuta, a huta.

To idan mai aukuwa ta riga ta auku fa? Awannin farko su ne komai. Kada a sa hannu cewa an karɓi kaya lafiya alhali ba a buɗe kwali ba. In dare ya yi, a rubuta a takardar cewa an karɓa ba a duba ba. Abin da aka gani a lalace a ɗauki hotonsa a inda yake, in da hali tun yana cikin mota, a gaban direba. Kada a yi gaggawar kai shi wurin mai gyara ko a jefar, domin da zarar wani ya sa masa sukudireba, mai mota zai ce can aka ƙarasa shi, kamfanin inshora ma zai so wakilinsa ya gani da idonsa. A rubuta wasiƙa, ko da saƙon WhatsApp ne, a ranar, a faɗi abin da ya lalace. A samo ƙiyasin gyara daga masu gyara biyu da ba su san juna ba. Wanda ya yi dabarar riƙe cikon kuɗin aiki sai an gama duba kaya, shi ke magana da ƙarfi. Wanda ya biya duka tun safe sai roƙo.

Daga nan sai sulhu, kuma ni ina ganin shi ya fi. In daga tasha aka ɗauko motar, shugabannin ƙungiyar direbobi sun san mai ita, kuma maganarsu na da nauyi a wurinsa fiye da takardar lauya. Wannan ma dalili ne na ɗaukar mota a tasha maimakon tare ta a titi. In sulhu ya ƙi, akwai kotunan ƙananan basussuka da aka fara a Legas a 2018, Kano da wasu jihohi suka biyo baya. An faro su da iyakar naira miliyan biyar, da niyyar a gama shari'a cikin kwana sittin, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Abin da bai kamata ba shi ne kiran 'yan sanda su kulle direba ko su tsare motarsa saboda gilashi ya fashe. Wannan rigimar ciniki ce. In akwai zargin sata, wannan daban, shi ma sai da hujja, hujjar kuwa ita ce takardar ƙirgar nan da aka ƙi yi.

Na san abin da masu ƙananan ofisoshi za su ce: duk wannan tsari na masu kuɗi ne. Ban yarda ba. Littafin makaranta mai warwar arba'in, da alƙalamin rubutu a jikin kwali, da wayar da ke aljihun kowa, sun isa. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohuwar ƙofa yana rubuta lambar kowane kwali da ya fita, wani ya tsaya a sabuwa yana sokewa. Kwamfutar akanta a kwafe abin da ke cikinta kwana ɗaya kafin tashi. Fayil-fayil su bi mota mai rufi, da ma'aikaci a ciki. Ladan mai kwance na'urar sanyaya ɗaki bai kai kuɗin sake ɗura mata gas ba. Wanda ya iya tuna cewa kujerarsa da talabijin ɗinsa su bi mota ta musamman ya san yadda ake kiyaye kaya sarai. Na jama'a ne bai damu da su ba.

Don haka shugaban da ya ba da umarnin tashi ba ƙirga, ba yarjejeniya, ba inshora, in kamfaninsa ne ya rungumi hasararsa ya ƙyale yaransa. In kuwa ofishin gwamnati ne, shi ya kamata a fara ba takardar tuhuma, kuma daga albashinsa ya kamata a fara cirewa. Ku kuma ƙungiyoyin ma'aikata, duk ranar da aka ce za a tashi, ku nemi a nuna muku takardar ƙirgar kaya kafin ɗanku ko ɗaya ya sa hannu a kan firinta.